Awon Jinin Suruki

Inda na yi karatu an koya mana cewa ba a yi wa mai ba da jini ƙarya, ko da ta rufin asiri ce. Har yau ban yanke ba ko Gwaggo ta ɗakin jini, wadda na yi aiki a ƙarƙashinta, tana da laifi.

Shekararta ashirin da biyu a wannan ɗaki na bayan asibiti, mai firji biyu da dogon benci. A dokar wurin, ba a ba majinyaci ledar jini sai danginsa sun zuba wata a madadinta. Shi ya sa kullum bencin cike yake da ƴan'uwa, kowa ya kasa kunne.

Gwaggo tana da tsarinta. Takan fara huda yatsa, ta ɗiga jinin a ɗan katin gwaji, ta tura shi bayan kwalbar auduga inda ita kaɗai ke gani. Kafin ya nuna, sai ta naɗa wa mutum abin awo a damtse, tana matsa robar a hankali. In layi ɗaya ya fito, lafiya lau. In biyu ne, akwai cutar da ake ɗauka ta jini, irin ƙanjamau, sai ta ɗaga murya don ƴan benci: "Jininka ya hau. Dawo jibi, kai kaɗai." A jibin take faɗa masa gaskiya, ƙofa a rufe.

Wata Talata sai ga mijin ƴarta ta fari, direban tanka. Wansa ne ya faɗo daga kan gini, ana neman jini. Ya durƙusa ya gaishe ta, kai a ƙasa.

"Mama, ko leda biyu ce a ɗiba."

"Ji mai baki!" in ji ƙanwarsa daga benci. "Kai da ke gudun allura kamar ɓera ya ga kyanwa."

Gwaggo ta huda, ta naɗa, ta matsa. Awo ya nuna ɗari da ashirin bisa tamanin, babu abin da ya fi wannan kyau. Ta leƙa bayan kwalbar. Ta sake matsa robar, ta yi ta matsawa, har ya ce hannunsa ya yi sanyi.

"Jininka ya hau," ta ce. "Dawo jibi."

"Ganin suruka ne ya tayar masa!" in ji ƙanwar. Benci ya kwashe da dariya, har da shi.

Ranar jibin bai dawo ba. An ba shi lodi, tafiyar mako uku, wayarsa ba ta shiga. Matar tasa kuwa cikinta wata bakwai, kusan kullum tana biyowa ta ɗakin jinin ta gaida uwarta, ta zauna a bencin tana shafa ƙafafunta da suka kumbura.

Na tambayi Gwaggo ko ta faɗa mata.

"Sirrin mai jini nasa ne," ta ce. "Amma gobe tana da awon ciki. Na roƙi ungozoma ta turo mini ita. Ni zan huda yatsan."