Tambayar Ƙarshe A Fom Ɗin Lasisi

Ni mutumin Gafasa ne, a ƙasar Ajingi. Mahaifina manomin gyaɗa ne, mahaifiyata tana soya ƙuli. Ban tashi da halin ɓera ba. Abin da aka san ni da shi yawan tunani ne. In an tura ni korar tsuntsaye a gonar gero, sai a tarar da ni kwance a gindin gawo ina kallon gajimare, ina hango kaina cikin fararen kaya ina zagaya marasa lafiya.

Da na gama sakandare, kawuna ya kai ni aiki wani kemis a Gaya. Da katin maganin ciwon kai guda ɗaya na fara, na sa a aljihu ba wanda ya gani. Daga nan sai maganin tari, sai allura da sirinji. Ranar kasuwar Ajingi nakan shimfiɗa tabarma bayan rumfunan hatsi, mutanen ƙauye suna kirana Likita. Sunan nan ya fi abin da nake samu daɗi a wurina.

Wata rana wata mata mai suna Iya Hansai ta kawo 'yarta Ladidi da zazzaɓi. Na yi mata allura inda bai kamata ba, ƙafar ta shanye. Bincike ya tono har satar kemis ɗin. Alƙali ya ɗaure ni shekara biyu.

Kwanakin gidan yari kamar ruwan kududdufi suke, ba sa tafiya ko'ina. Aka sa ni sharar ɗakin marasa lafiya. A nan na haɗu da Malam Sabo, dattijon ma'aikacin jinya. Nakan dogara da tsintsiya ina kallon yadda yake wanke gyambo a hankali, kamar mai alwala. A bakinsa na fara jin mai fararen kaya ya ce bai sani ba, a kai mara lafiya wurin wanda ya fi shi. Da na ba shi labarina, ya ce aikin bai haramta gare ni ba, ta katanga na shiga aka kama ni.

Bayan an sake ni na sake zana jarrabawa, na shiga makarantar koyon jinya. Shekara uku ba wanda ya san daga inda na fito. Na ci jarrabawar ƙarshe, aka raba mana fom na neman lasisi. A can ƙasa akwai tambaya: ko kotu ta taɓa samunka da laifi?

Abokina Nasiru kaɗai na gaya wa. Ya ce in rubuta a'a, wa zai je tono tsohon fayil a Gaya?

Na shigo motar Ajingi da fom ɗin a jaka. Damina ce, gonaki sun yi kore shar, ina kallonsu ta taga suna wucewa kamar ba a duniya nake ba. Sai in ga kaina ina aiki lafiya lau, sai kuma in ga an buɗe ƙofa an kira sunana da wata irin murya.

Na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa, na karanta mata tambayar. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ƙaryarka ta farko ƙafar yarinya ta ci. Ta biyun me za ta ci?"

Na rubuta e, na bayyana komai a wata takarda.

Hukumar lasisi ta kira ni gaban kwamiti. Suka nemi takardun kotu da shaidar halina, sannan suka ɗage maganata shekara guda. 'Yan ajinmu suka kama aiki, ni na koma noma. Labari ya bazu, waɗansu suka daina amsa gaisuwata.

A cikin shekarar nan na je gidan Iya Hansai. Ladidi ta girma, tana ɗinki, sandarta jingine da keken. Na durƙusa na roƙe ta gafara. Ladidi ta ajiye zaren hannunta ta ce, "Na yafe maka don Allah, Malam. Amma ka riƙa tuna ni duk sanda ka ɗauki sirinji."

Lasisin ya fito, da sharaɗin in fara aiki ƙarƙashin kulawar wani babba. Yanzu ina wani ƙaramin asibiti a ƙauye, kuma mai gidana a wurin aiki ya san komai.

Ƙannena matasa, ɗan abin da kuke ganin bai kai a kira shi sata ba, shi ne satar. Kada ku amsa sunan da ba ku yi karatunsa ba, domin wani ne zai biya da jikinsa. In kuma kun riga kun faɗi kamar yadda na faɗi, ranar da aka tambaye ku, ku faɗa da bakinku. Ni shekara ɗaya gaskiya ta ci mini. Ladidi har yau da sanda take tafiya.