Motar Maƙwabcina a Tsakiyar Tafki

Maƙwabcina a Nyanya, wani dattijo ɗan Filato da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya dame ni da labarin wani tafki a bayan Karshi. Da damina ya gan shi, wai ko ƙarshensa ba a hangowa. Wata Asabar a ƙarshen bazara, da zafi ya ishe mu, muka shiga tsohuwar motarsa da ƙugiyoyin kamun kifi.

Muka bi hanyar gonaki har muka iso wani fili shimfiɗaɗɗe, ƙasarsa duk ta tsattsage. Ya tsayar da mota a tsakiya, ya fito yana waige-waige.

"Nan ne fa," in ji shi. "Ga ma bishiyar da na zauna a gindinta."

Sai ga wata tsohuwa 'yar ƙauyen, da itace a kafaɗa. Na gaishe ta, na ce, "Mama, ina tafkin nan yake?"

Ta dube mu, ta dubi ƙugiyoyin. "Kuna cikinsa," in ji ta. "Oga, cire mota, ruwa tana zuwa."

Maƙwabcina ya yi dariya, ya ce ya daɗe a Abuja, ya san hadarin da ke zubarwa da wanda ke wucewa. Muka shimfiɗa tabarma.

Ba a jima ba iska ta taso ta yi gaba da hularsa, ruwan farko na shekara ya kece. Kafin mu naɗe tabarma, ƙasa ta zama taɓo. Ya tayar da mota, ni ina turawa, tayoyi suna juyawa wuri ɗaya suna watsa min laka har baki.

Tsohuwar ta kai mu bukkarta, ta gasa mana doya da manja. Duk lokacin da maƙwabcina ya buɗe baki zai yi bayani, sai ta ƙara masa doya. Da ruwa ya ɗauke, manoma shida suka ja motar da igiya, suna yi mana dariya da yarensu.

A hanya, da muka wuce Karshi, maƙwabcina ya dube ni.

"Don Allah kada Madam ta ji."

Muna isowa muka tarar da matar tasa a ƙofar gida, tana kallon lakar da ta kai gilashi. Ya fito a hankali, ya miƙo min makulli, ya ce, "Shi ya tuƙa."