Ranar da Matan Daɓe Suka Ƙi Zuwa

Har gobe ban manta da safiyar da muka baza tsakuwa a tsakar gidan nan, muka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, muka zauna jiran matan daɓe, amma ko mace ɗaya ba ta leƙo ba. Ku da kuka kama aiki daga baya kun tarar da komai tsaf, har wasunku na ƙorafin wai raka baƙo gaisuwa ɓata lokaci ne. To ku gyara zama ku ji inda abin ya samo asali.

Ni dai a gidajen saukar baƙi na gwamnati na yi aikina. Na fara da gyaran ɗaki, na koma kula da sito, daga ƙarshe na zama manaja, wato wanda komai ke wuyansa, daga tsabtar zanen gado har gishirin miya. Na yi ritaya ina zaune a gidana cikin Birnin Gwari sai Hajiya Balaraba ta aiko kirana. Mahaifinta, marigayi Alhaji Barau, shi ke da wannan gandu da ke gaba da Kutemeshi. A shekarun da hanya ta yi wuya kowa ya watse, gidan ya zama kango. Rumbuna sun zube, jemagu sun cika zaure, mangwaro da ɗorawa kaɗai suka rage a tsaye.

Da hankali ya fara kwanciya mutane suna komowa gonakinsu, 'yan'uwanta maza suka ce a sayar. Mai saye kuma ya ce rushe komai zai yi. Ita ta ce a'a, a ba ta dama ta mai da shi wurin da baƙi za su zo su huta, masu zuwa ganin dajin Kamuku da mutanen birni da suka gaji da hayaniya. Suka ba ta zuwa ƙarshen kaka. In ta buɗe, shi ke nan. In ba ta buɗe ba, zauren ubanta ya tafi.

Muka kama aiki gadan-gadan. Magina suka ta da ɗakunan ƙasa yadda suke a da, aka yi sabuwar jinka, aka yashe rijiya, aka sa sola da banɗakin zamani. Ni kullum in zo da safe a babur, in koma gari da la'asar. Abu ɗaya Hajiya ta kafe a kai: ba ta son siminti a tsakar gida, daɓe take so irin wanda ta yi rarrafe a kansa. Daɓe kuwa aikin mata ne. Su taru da yawa, kowace da madaɓinta, ana yayyafa ruwan makuba suna buga ƙasa suna waƙa har ta yi sumul. In ba su zo ba babu mai yi maka. Shugabarsu a nan ita ce Goggo Tabawa, kuma ta yi min alkawari.

Ana gobe daɓe aka kawo allon da za a kafa a bakin hanya. Hajiya ta ce wa mai fenti ya rubuta "Gidan Saukar Baƙi na Gandun Alhaji Barau". Shi kuma gogan naka ya ga rubutun ya yi wa allon yawa, sai ya taƙaita abinsa, ya rubuta "Otal ɗin Barau" da jan fenti, har da zanen kofi yana tururi. Leburori suka kafa bayan na tafi gida, ni kuma da safe na wuce ban ko lura da shi ba.

Washegari rana ta take, shiru. Makuba na ta tsami a garwa. Raina ya ɓaci, kun dai san halina. Na ja babur sai gidan Goggo Tabawa, na yi sallama, ta fito ƙofar gida tana gyara mayafi.

"Goggo, lafiya? Tun safe muke jira."

"Lafiya lau, Malam Isuhu. Mu dai ba ma daɓe otal."

"Wane otal kuma?"

"Au, tambayata kake? Jikata ce ta karanta min allonku. Gidan da Alhaji Barau ya yi ta ciyar da mutane saboda Allah, shi za ku cika da giya da matan banza? Wallahi jiya ko tuwo ban iya ci ba."

Na yi salati. Ku yaran birni, otal a wurinku gado ne da fanka. A ƙauye kuwa kalmar ba ta da ma'ana sai ɗaya, kuma ba mai kyau ba ce. Na koma da kaina na tumɓuke allon na jefa bayan rumbu, na dawo na ce mata an cire. Ta dube ni ta ce, "Allon ka cire, maganar fa? Ta riga ta kai gidan Mai Unguwa."

Na tarar da Mai Unguwa a zaurensa tare da Liman da wasu dattawa. Na cire takalmi, na durƙusa na kwashi gaisuwa, na shiga bayani: babu giya, babu kiɗa, kuskuren mai fenti ne, Allah ya isa tsakanina da shi. Suka bar ni na gama tas. Sannan Mai Unguwa ya ce, "Malam, mun ji, mun kuma yarda da kai a kan giya. Amma ba ita kaɗai ba ce. Ka san abin da muka gani a garin nan. Mun ga baƙuwar fuska ta zo ta sha ruwa ta wuce, bayan kwana kaɗan mu kwana a daji da 'ya'yanmu. Yanzu ka ce motoci za su riƙa shigowa da mutanen da ba mu sani ba. In na ga mutum a bakin rafi na ce baƙon wa ne, wa zai amsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai akwai manaja."

Liman ya yi murmushi ya ce, "Manaja da la'asar yake hawa babur. Alhaji Barau ya saukar da fatake da makiyaya da malamai a wancan zaure, ba mu taɓa jin tsoro ba, domin mai masauki ne. Baƙo ya yi sallama, ya ba shi ruwa, ya kamo hannunsa ya kawo shi nan ya ce baƙona ne. In baƙon ya yi ɓarna, shi ake tambaya. In an taɓa baƙon, shi aka taɓa. Otal kuwa ba ya da mai masauki. Kowa baƙon kansa ne."

Shekara da shekaru ina karɓar baƙi, ban taɓa cewa wani baƙona ba ne. Lambar ɗakinsa na sani.

Na fita gindin ɗorawa inda ake samun sabis na kira Hajiya a Kaduna. Na gaya mata komai. Ta ce, "Baba Isuhu, ni ba zan iya barin aikina da yara in tare a can ba. 'Yan'uwana kuma ka san su. In babu mai tsayawa, a bar shi kawai, Allah bai nufa ba." Na ji tausayinta ƙwarai, don na san ba ginin take wa kuka ba.

Gaskiya na ji tsoro. Ga tsufa, ga gidana a gari da kwanciyar hankalina, ga daji nan kusa. Kuma cewa baƙona ne ba wasa ba ne, sunanka ka ajiye a hannun mutumin da ka sani yau. Na je gida na yi shawara da maiɗakina. Ita ko sai ta ce, "Dama zaman me kake yi a nan ban da faɗa da rediyo? Mu je, ni ma in samu wurin kiwon kajina."

Da safe na koma gaban Mai Unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, zan tare a gandu da iyalina. Duk wanda ya kwana a gidan nan baƙona ne, ni za a tambaya." Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Ban kai ƙofar gandu ba na jiyo guɗa a bayana. Goggo Tabawa ce a gaba, mata na biye da ita kowace da madaɓi a kafaɗa. Ta wuce ni tana cewa, "A sake jiƙa makuba, waccan ta lalace. Kuma kar in ga jan allon nan."

Mun buɗe kafin a gama ɗaurin dawa. Teburin karɓar baƙi da aka yi oda, sito na kai shi. Shi ya sa kuka ga baƙo ta zaure yake shiga, ya yi sallama, a ba shi ruwan randa, ya huta, sannan a raka shi ya gaida Mai Unguwa. In zai shiga wajen daji kuma, a biya da shi rugar Arɗo, don makiyaya ma su san fuskarsa. Wasu baƙin sukan yi mamaki da farko, amma da yawa in za su tafi, wannan gaisuwar suke ta ambata, ba katifarmu ba.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan gyaran ɗaki shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne a samu wanda zai tsaya wa baƙo, kuma mutanenmu ba ƙin baƙi suke ba, so suke su san wa ya tsaya musu. Bara wani malamin tsirrai da ya sauka a nan ya ɓata hanya wajen rafi, 'yan sintirin wani ƙauye suka tare shi suna tambayar baƙon wa ne. Kafin labari ya iso ni, Goggo Tabawa da ke dawowa daga itace ta riga ta sauke kayanta a gabansu. Ba ta ce baƙon Malam Isuhu ba ne. Cewa ta yi, "Ku sake shi, baƙonmu ne."