Lahadin da Lasifika Ta Rage Murya

Aikinta sayar da tikiti a tashar mota, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da fankar da ba ta juyawa sai an tunkuɗa ta da biro. Direbobi ne suka sa mata suna Lasifika, don in ta leƙo ta ce saura mutum biyu mota ta tashi, har mai faci na bakin titi sai ya ɗago kai. Mijinta mai gyaran agogo ne, mai magana ƙasa-ƙasa. Maƙwabta sun ce in suna faɗa, rabin faɗan kawai ake ji.

Tun tana budurwa take cikin mawaƙan cocinsu, kuma tsakani da Allah take son waƙa. Shugaban mawaƙan ƙanin mijinta ne, malamin firamare. Ba dabarar da bai gwada ba don ƙarar muryarta ta ragu. Ya mayar da ita layin baya, wai can manya ke tsayawa. Ya ba ta makirufo marar batir, ba wanda ya ji bambanci. Amma ya buɗe baki ya ce ta rage, wannan ya gagara, don a hannunta ya tashi.

Da aka turo gayyatar taron horar da mawaƙa da masu jagorantar sujada, sai ya sa sunanta kusa da nasa. A ransa, can akwai masana waɗanda ba su taɓa cin abincin gidanta ba, su sa faɗa mata.

"Yaya, ke aka zaɓa," in ji shi.

"Ai na san za a rina, Malam," ta ce, ta tafi wajen tela.

An yi taron a harabar wata babbar makaranta. Aka rataya wa kowa kati a wuya, aka rarraba su azuzuwa: masu ganga, masu jita, masu murya. Malamar ajin murya wata 'yar siririya ce mai tabarau. Ta sa kowa ya rera layi ɗaya. Da aka zo kan Lasifika, malamar ta ja da baya kaɗan, ta gyara tabarau. Malam ya gyara zama, ya ce yau ga ranar.

Malamar ta ɗora mata hannu a ciki. "Mama, da maƙogwaro kike waƙa. Ko rabin muryarki ba kya amfani da shi."

Malam ya rufe ido.

Aka koya mata ta ja numfashi tun daga ƙasan cibiya, ta saki kafaɗa, ta buɗe baki. Ta gwada. Ba a jima ba wani saurayi ya turo ƙofa cikin ladabi, ya ce daga ajin masu ganga yake, don Allah a taimaka, ba sa jin kansu.

Washegari aka shiga darasin haɗa murya. Malamar ta tsayar da ita kusa da wani tsoho mai murya kamar zare, ta ce doka ɗaya ce: wanda bai ji na kusa da shi ba, ya yi yawa. Lasifika ta rage, ba ta ji tsohon ba. Ta ƙara ragewa, har ta ga kamar raɗa take yi. Can sai ga muryarsa ta ɓullo a ƙarƙashin tata, tana hawa inda tata ke sauka. Ba ta taɓa sanin haka waƙa take ba in mutum biyu sun yi ta tare. Ta goge ido da bakin ɗankwali, ta ce ƙura ce.

A mota suna dawowa ta daɗe shiru, har direban ya tambaya ko lafiya. Sannan ta ce, "Malam, ashe duk shekarun nan ban taɓa jin ku ba. Ranar Lahadi zan saurara."

Malam ya yi murna har ya saya mata lemo.

Lahadi ta zo, mawaƙa suka miƙe, Lasifika ta ɗauko waƙar a hankali, ta kasa kunne. Baitin farko ya tafi da ɗingishi. A na biyu asiri ya tonu. 'Yan matan layin gaba baki kawai suke motsawa, ba su san kalmomin ba. Wani birkila da ke gefenta wata waƙar daban yake yi, kuma da alama ya daɗe yana yin ta. Malam kansa, mai kaɗa hannu a gaba, muryarsa na can gefen hanya ita kaɗai. Fasto ya leƙo ta saman Littafi Mai Tsarki, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya shiga yi mata alama da hannu biyu, ta ɗaga, don Allah ta ɗaga. Ta dube shi ta yi murmushi, ta ci gaba yadda aka koya mata.

Bayan sujada suka kewaye ta a bayan coci.

"Yaya, ba laifi in kin ɗan koma yadda kike," in ji Malam.

"In koma in ci gaba da goya ku? Na sauke. Ku same ni a gida ranar Laraba da yamma, kowa da littafin waƙarsa."

Suka je, suka cika falo har kan hannun kujera. Ita ta tsaya a tsakiya tana sa su rera ɗaya-ɗaya, ta fara da birkila. Ranar ce aka gano waƙar da ya daɗe yana yi, aka kuma yarda tana da daɗi, har Malam ya ce a koye ta don wata mai zuwa.