Gwangwani Na Uku

Kwanakin baya 'yata ta dawo daga makaranta tana neman gwangwanin tumatir guda uku, wai an ba su aikin kimiyya. Uwarta ta wanke mata, suka cika su da ƙasa, suka shuka wake, suka yayyafa ruwa, suka jere a gindin tagar ɗakina. Ina shigowa daga wurin aiki ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tare ni, alhali ko alamar hadari babu a gabas. Na daɗe tsaye da takalmi a hannu. Ka san akwai ƙanshin da ba ya sallama, sai dai ka ji shi a ƙirjinka. Wannan ɗaukata ya yi ya dire ni a ƙofar ɗakin kakata, ina ɗan aji biyar.

Ƙauyenmu yana yamma da Ɗanbatta, inda gona ke bin gona, gida ke bin gida, in kana noma a fegenku kana jin dakan maƙwabta. Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Mahaifiyata ta gama takaba ta koma gidan iyayenta, daga baya aka ɗaura mata aure a cikin garin Ɗanbatta. Ni kuwa aka ce ɗa na dangin uba ne, aka bar ni wurin kakata. Gidanmu cike yake da 'ya'yan baffannina, amma in magariba ta yi kowa yana da ƙofar ɗakin uwarsa da yake nufa, ni sai ɗakin tsohuwa. Kada in ɗauki alhakin kowa, ba wanda ya taɓa hana ni tuwo. Sai dai a gidan na gane cewa ana iya ƙoshi kuma a kwana da maraici.

Kakata ba ta kirana da komai sai Maigida, irin wasan kaka da jika. Kullum tana ƙorafin ta yi rashin sa'ar miji, wai ga ci kamar gara, ga shi ko gishiri bai taɓa kawowa gida ba. Idanunta sun fara hazo, amma kunnenta ko kaza ta taka tabarma sai ta ji.

A shekarar aka kawo mana sabon malami, bai daɗe da gama kwalejin Bici ba, siriri mai saurin magana, zumuɗin aiki bai sake shi ba tukuna. Wata safiya ya sanar da mu cewa za a yi baje kolin kimiyya na makarantun firamare a Ɗanbatta, kuma kowace makaranta za ta kai yara biyu da abin da suka haɗa. Sauran yara shiga mota suka ji, aji ya kaure da surutu. Ni sunan garin kawai na ji. Rabona da mahaifiyata tun ina aji ɗaya. Ba nisa ne ya raba mu ba, don a keke ma ana zuwa a dawo kafin la'asar. Ba a dai aika yaro gidan mijin uwarsa haka kawai, ni kuma ban san bakin da zan roƙa da shi ba.

Masu uba da yayye suka shiga neman waya da batir da injin tsohuwar rediyo. Ni da ba ni da mai nemo mini, Malam ya ba ni aikin da ya ce kowa zai iya. In shuka wake a gwangwani uku, in ba su ruwa har su tsiro. Daga nan na farko ya ci gaba da samun ruwa da rana, na biyu a ba shi ruwa amma a kife shi a duhu, na uku a bar shi a rana kada ko ɗigo ya taɓa shi. Ya ce in komai ya fito yadda littafi ya faɗa, da ni za a tafi.

Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun da hantsi. Jakuna na ta kai taki gona a mangala, rijiyar gidanmu ta yi nisa, guga na fitowa rabi ruwa rabi laka. Na huda gindin gwangwanayen da ƙusa, na jere biyu a gefen dutsen da kakata ke zama ta yi alwala, na kife ɗaya da tsohuwar tukunya a bayan ɗaki. Su suka zama abokan hirata. Da an tashi makaranta nan nake zuwa in tsuguna, ina jin ihun 'yan'uwana suna langa a ƙofar gida.

Na farko ya yi kore shar. Na cikin duhu ya yi tsawo, fari fat, siriri kamar zare, yana laluben inda haske yake. Na uku ne ya ƙi bin littafi. Ya kamata ya langaɓe ya bushe, amma kullum sai na tarar da shi tsaye, har ya fi na farko sheƙi. Ruwa dai ba ya tsami banza. Na zargi 'ya'yan baffana, har na yi dambe da ɗaya a kan laifin da bai san da shi ba. Malam kuwa da ya leƙo gidan ya gani, ya girgiza kai, ya ce ban bi ƙa'ida ba, in abin bai gyaru ba zai ɗauki wani.

Wata asuba ƙarar buta ta tashe ni. Na leƙa ta labule, sai ga kakata ta idar da alwala, ta lalubo gwangwani na uku da hannu, tana tsiyaya masa sauran ruwan a hankali, har da bisimilla. Na fito da gudu na riƙe butar, na ce ta ɓata mini aiki, so ake ya mutu.

Ta dube ni kamar ta ga mahaukaci. "Maigida, abu mai rai ka ajiye a gabana, yana kallona ina alwala, in hana shi ruwa? Gobe kiyama kai za ka amsa mini?" Ta ƙara da cewa in don a san wake na mutuwa ba ruwa ne, malamin ya zo ta faɗa masa kyauta, ba sai an kashe komai ba.

Na so in yi mata bayani irin na Malam, kuka ya riga ni. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, in bai mutu ba, ba za a je da ni Ɗanbatta ba. Ban ambaci kowa ba, ban taɓa ambata ba. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Sai da aka fara fitowa daga masallaci sannan ta ajiye butar ta ce, "Allah ya yafe mana, ni da kai."

Daga ranar ta daina alwala a kan dutsen da ta shekara arba'in tana zama. Ta koma can gindin danga, ta juya wa gwangwanin baya. In za ta wuce ta wurin sai ta kau da kai. Cikin 'yan kwanaki ganyen ya naɗe, karan ya sunkuya, ya bushe ƙamas. Na yi murna, kuma har yau ina jin nauyin wannan murnar. Malam ya ce yanzu aiki ya yi kyau. Kakata ta aika wa mahaifiyata saƙo ta bakin wata mai kai man gyaɗa kasuwar Ɗanbatta, cewa rana kaza yaron zai zo makarantar tsakiyar gari.

Mu biyu aka tafi da mu a bayan a-kori-kura, ni da wata yarinya 'yar aji shida da ta haɗa matatar ruwa da yashi da gawayi. An jere tebura a ƙarƙashin itatuwan darbejiya. 'Yan birni sun zo da farfela mai juyawa da batir, da motar kara mai fitila, jama'a na ta cincirindo a kansu. Teburina ba mai tsayawa, don wa zai bar gona a gida ya zo kallon wake? Ban damu ba, idona yana kan ƙofar makarantar. Alƙalan gasa suka zo, na zuba musu Turancin da na haddace ba tare da na numfasa ba, suka gyaɗa kai suka wuce. Aka yi azahar, aka fara kiran waɗanda suka ci, babu mu. Inuwa ta matsa ta bar ni a rana, ban gusa ba, kada mahaifiyata ta zo ta rasa ni.

Sai da aka fara kwashe tebura ta shigo, lulluɓe da mayafi, da goyo a baya, tare da wata dattijuwa maƙwabciyarta. Tafiyarta na fara ganewa.

A nan sai in faɗa maka cewa ni ɗan fari ne. Matan zamanin ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa haɗa ido da shi a gaban mutane, ba sa nuna sun san yana wurin. Kunya ce, kuma abin yabo ce. Na san da haka sarai, amma na ɗauka shekarun da muka yi ba mu haɗu ba sun isa a ɗaga mini ƙafa na yini ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Ta gaisa da Malam, ta tsaya wurin yarinyar nan ta yaba matatarta, ta tambaye ta mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har ta gyara mata ɗankwali. Ina tsaye ina kallon hannun.

Daga ƙarshe ta iso teburina. Ta dubi koren, ta dubi farin, idonta ya tsaya a kan busasshen. Ta juya wurin dattijuwar, ba wurina ba, ta ce, "Wannan kuma me ya yi aka hana shi ruwa?"

Ba ni aka tambaya ba, amma na amsa. "Sai da ya mutu Malam ya yarda ya taho da ni."

Ta zaro 'yar robar ruwan da ta riƙo wa goyonta, ta buɗe, ta juye duka a cikin gwangwanin. Sannan ta miƙa wa dattijuwar wani ƙunshi ta ce a ba yaron nan ya kai wa tsohuwa, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, suka juya. Na bi bayanta da ido har ta fita, ba ta waiwayo ba.

A hanyar komawa na rungume gwangwanin a cinya, ruwan na ɗiga ta hudar ƙusa yana jiƙa mini wando, ban matsar da shi ba. A cikin ƙunshin akwai goron kakata da riga ɗinkin hannu. Rigar ta yi mini kaɗan, don da awon yaron da ta bari ta ɗinka. Haka na riƙa cusa kaina a ciki har ta yage a hammata.

Kakata na zaune a ƙofar ɗaki tana jira. Ta tambaye ni ko mahaifiyata ta zo, na ce ta zo. Ta tambayi abin da ta ce mini, na miƙa mata gwangwanin. Ta sa yatsa ta ji danshi, ta daɗe ba ta cire ba.

"To, Maigida," ta ce, "ni ka hana, ita ba ka hana ba."

Washegari ta koma kan dutsenta, ta ci gaba da ba shi sauran ruwan alwala har damina ta sauka. Bai farfaɗo ba.

Yau su biyun duk suna ƙasa. Mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma na daina ƙirga wannan a matsayin rashin so tun ranar robar ruwa, ko da yake sanin hakan bai taɓa rage mini kewa ba. Zamani ya juya. 'Yata ita ma ta fari ce, amma uwarta na kwaɗa mata kira tun daga kicin, tana rungumarta a gaban kowa, tsofaffin unguwa na taɓe baki, ni ina jin daɗi a ɓoye.

Waken 'yar tawa ya tsiro, kuma tun shekaranjiya ta yanke wa na uku ruwa, ta ja wa kowa kunne. Yau da asuba na idar da alwala, na ga ganyensa ya fara naɗewa. Na tsaya da buta a hannu ina tunani. Yarinyar nan in ta ci gasa uwarta na gida, in ba ta ci ba uwarta na gida, babu wanda za ta tsaya jira a ƙofar makaranta. Na yi bisimilla na tsiyaya masa sauran ruwan. In ta kama ni gobe, na riga na san abin da zan ce mata.