Hayaƙin Daneye

Talata ce, farkon kaka. Na tashi da assalatu, na yi salla, na wanke ƙwaryar tatsa. Na saki ɗan maraƙin ya ɗan ja nono, sannan na tsuguna gindin uwarsa. Sunanta Daneye, farar saniya ce. Innata ta ba ni ita ranar da aka kai ni ɗakin miji.

Watanmu biyar ke nan a Dutse. Daga rugarmu ta wajen Buji muka taso, da maigida ya sami aikin gadi a wata makaranta. Muka kama gida a wani lungu a Limawa. Ban saba da katanga ba. Ban saba a ce maƙwabci yana jin tarinka yana ƙirga lomarka ba. A ruga, idan ƙuda ya dami dabba, sai a haɗa busasshen kashin shanu a kunna, hayaƙi ya kore shi. Haka na ga ana yi tun ina rarrafe, haka na ci gaba da yi safe da yamma. Ban san a birni hayaƙi ma yana da iyaka ba.

Katangarmu ɗaya da Hajiya Tabawa. Tun makon farko muka ɓata, ba tare da na sani ba. An yi sunan jikanta, na je, aka ajiye mini tuwo a tsakiyar mata. Ban ci ba. Mu a wurinmu abin kunya ne mace ta buɗe baki tana ci a gaban manya. Ita kuwa ta ce ƙyamar abincinta nake yi. Daga ranar na zama 'yar ruga, ba ni da wani suna. Da ta kai ƙarar hayaƙina, maigida ya sunkuyar da kai ya yi shiru don girmamawa. Ta ce raini ne. Duk da haka kullum ina aika wa babban jikanta nono a kofi, kullum kofin yana dawowa a lashe.

Ƙarfe bakwai maigida ya fita. Bakwai da rabi na kashe hayaƙin da ruwan wanke-wanke. Na taka tokar da ƙafata, ta yi sanyi.

Wajen tara na ji ƙarar mai a kasko ta bayan katanga. Surukar Hajiya ce ke suyar awara a ƙarƙashin rumfar kara, kamar kowace safiya. Tara da rabi na ji kaskon ya kife. Na ji ta yi salati. Sai wani huci, wutar ta kama rumfa da harawar da aka jibga a kai.

Na ɗauki bokitina cike, na miƙa ta saman katanga. Hajiya ce ta karɓa da hannunta. Muka haɗa ido. Ta san inda wutar ta tashi, ta san na sani. Ta watsa ruwana, ta juya bakin ƙofa.

"Wutar 'yar ruga ce! Ta ƙona mu!"

Kafin goma wutar ta mutu, amma lungun ya cika. Na sa sakata, na goya 'yata. Dutse na farko ya sauka a kan kwano. Na biyu ya fasa randa.

"Ku ɓalle ƙofar!"

Duka uku suka yi mata ta faɗi. Ɗanlami ne a gaba, ɗan Hajiya, uban yaron da ke shan nonon saniyata. Adda ce a hannunsa. Bayansa akwai telan bakin lungu, da mai cajin waya, da wasu da nake gaisarwa kullum. Suka shiga ɗaki suka fito da jeren ƙorena, suna bugawa da ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Daneye ta fara fizgar igiya. Na sha gabanta. Wani ya make ni da gora a kafaɗa, na durƙusa a kan gwiwa don kada yarinyar ta bugu. Daga nan ƙasa na ga Ɗanlami ya zagaya bayanta. Ya sare ta a agara, dama da hagu. Ta zauna kamar mai jin barci. Ba ta yi kuka ba. Ni ta kalla.

"A kawo wuƙa kada ta yi mushe!"

Ban tsaya na gani ba. Na bi ta ƙofar da suka karya, babu takalmi, babu mayafi. Babu wanda ya tare ni, hankalinsu ya koma kan nama. Har na kai titi ina jin kukan maraƙin. Wani mai adaidaita ya dube ni, ya ɗauke ni ya kai ni tasha. Sha biyu saura mota ta tashi. A cikinta ne na lura ƙwaryar tatsa tana hannuna.

La'asar ta yi mini a ruga. Bayan kwana biyu maigida ya iso da maraƙin a bayan a-kori-kura. Shi ya gaya mini an kasa naman kashi-kashi a tsakar gidana, gida goma sha ɗaya suka ci. Na sa ya lissafa mini su. Na haddace, ina maimaita su bayan kowace salla.

Da aka zauna gaban manya, surukar Hajiya ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. Hajiya ta aiko da goro da turmin atamfa, wai a yafe, sharrin shaiɗan ne. Na mayar da kayan ko kwance ƙullin ban yi ba. Na ce a gaya mata ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba. Ina so duk naman da ta kai bakinta ya tuna mata da Daneye. Ina so Ɗanlami ya tsufa yana jin ƙarar addar nan a kunnensa. Mutanena suna cewa haƙuri shi ne halinmu. Nawa ya ƙare a lungun nan.

Ƙorena goma sha tara ne, na innata da na kakata. Saura ɗaya. Maraƙin ya ƙi kowace saniya, ya ƙi gasara, ya mutu a kwana na tara. Har yanzu ina farkawa da assalatu, in wanke ƙwaryar, in kife ta.