Iskar da ke gudu daga matashin Inna

Shekarun baya, lokacin ina gyaran rediyo da waya a Gazawa, mahaifiyata ta faɗi ta karya ƙugu. Zama ya yi mata yawa har fatar mazauninta ta fara salewa. Likita ya ce in gyambo ya buɗe a wurin, mun shiga uku.

Ni kuwa sarkin karambani, na ce matashin iska zan haɗa mata. Na samo robar cikin tayar moto na naɗe da zane, na jona mata ɗan famfo mai batir da 'yar na'ura mai auna ƙarfin iska. In iska ta ragu kaɗan, famfo ya cika. In ta zube da yawa, sai ya tsaya ya hau kuka har sai na zo na duba. A shago abin ya yi aiki lafiya lau, har na fara jin kaina injiniya.

A gida kuwa, kullum bayan la'asar sai ƙanwata ta bugo: "Yaya, abinka na kuka." In rufe shago in tafi, in tarar da matashi ya lotse. Na tsoma robar a ruwa, ko kumfa ɗaya babu. Na kai wa mai faci, ya ce, "Malam, wagga roba ta fi ka lafiya." Na canza bawul, wato bakin da ake hura iska, na canza na'urar, na zargi zafin kwano, har aljanu sai da na zarga. Kaina ya ɗaure tamau, ga tsoron gyambon nan yana cina.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunana, ba ta aika a kira ni. Haka zan zauna kusa da ita ina kwance wayoyi, ita tana kallon bango tana ba ƙanwata labari.

Rannan na dawo ɗaukar abin da na manta. Ina ɗaga labule na ga Inna da tsinken tsintsiya, ta danna cikin bawul, iska na fita fuuu. Muka haɗa ido. Ta ajiye tsinken, ta juya wajen ƙanwata.

"Ki ce ma wancan abin nashi ya cika tauri."

Na rage ƙarfin iskar. Washegari bayan la'asar, waya ta sake bugawa.

Ban ƙara canza komai ba. In je, in cika iska, in zauna har magariba. Fata ta warke, gyambo bai buɗe ba, amma matashi bai daina lotsewa ba har Allah ya karɓi abarsa.

Har yau ban sani ba ko taurin ne da gaske, ko kirana take. Na tambayi ƙanwata, ta ce ita ma ba ta sani ba, tana faɗa tana share hawaye. Famfon yana nan a shago. La'asar na yi, sai in tsinci kaina ina duba waya.